Tsirkiyar Lawali Tela

Juma'ar da ta wuce ina alwalar la'asar a tsakar gida na jiyo ana taɓa mini gurmi a ɗaki. Ba sabon ba, tsohon, wanda ke rataye a bayan ƙofa. Na shigo hannuna yana ɗigar ruwa, na tarar da ɗaya daga cikinku ya ɗora waya a gwiwa, wayar tana nuna masa wata allura mai karkata hagu da dama, shi kuma ya kama ɗaurin babbar tsirkiya zai ture shi. Wai waya ta ce tsirkiyar ta sauka, zai gyara mini. Na daka masa tsawa, abin da ban saba yi ba, har gurmin ya kusa suɓuce masa. Na ga ransa ya ɓaci, ku ma sauran kuka yi tsuru-tsuru, shayin ranar ma bai ƙare ba kuka watse. To ga dalilin tsawar. In kun ji, sai ku yanke hukunci ko tsufa ne ya fara taɓa ni.

Na san yadda kuke kallon abin nan. Ƙwarya ce, da sanda, da igiya biyu. Ku da kuka tashi a Riyad, Larabcinku ya fi Hausarku ƙarfi, kuna ce mini, "Ammi Idi, wannan ai sahal ne, sati ɗaya mun iya." Ban musa ba. Sati ɗaya ya ishe ku ku koyi inda yatsa ke sauka. Ni ma da yatsa kaɗai ake kiɗa da ban ɓata ƙuruciyata a gidan Nomau ba.

Nomau shi ne maigidana, makaɗin gurmi a Gazawa, cikin jihar Maraɗi. Gajere ne, mai faɗa, ba ya yabo. Damina biyu na yi a gidansa bai bari na taɓa tsirkiya ba. Ina ɗaukar masa gurmi, ina kankare fata, ina tsefe izgar doki muna murza igiya da ita. Aikin da ya fi ba ni haushi shi ne na ranar kasuwa. Sai ya tura ni, ba da ko sisi ba, ya ce in je in zauna kusa da mai goro ko mai auna hatsi in dawo. In na dawo sai ya ce, "Mi ka jiya?" In na fara ba shi labarin abin da suka faɗa sai ya ɗaga hannu. "Ban aike ka gulma ba. Muryatai, ina take zaune? Yi mini ita da hanci." Sai in yi gunji kamar ɗan maraƙi, ya girgiza kai, ya ce, "Wagga ta ciniki ce. Koma."

Sai daga baya na gane abin da yake nufi. Mu a gidan Nomau ba a ɗaure gurmi haka kawai a fita da shi. Tsirkiya biyu ce, siririya da mai kauri, mai kaurin yana kiranta uwa. In za ka yi wa mutum kiɗa, sai ka zauna da shi tukuna, ka bar shi ya yi magana. Muryar da yake ciniki da ita ba ita kake nema ba, haka wadda yake gaida surukai da ita. Jira za ka yi har ya ci ya ƙoshi, ya jingina da bango, ya manta akwai baƙo. A lokacin muryarsa take sauka inda Allah ya ajiye ta. Nan za ka kai uwa, ka jiƙa ɗaurin fata da yawu, ka tura shi da babban yatsa a jikin sanda har su haɗu. Siririyar kuma ta bi uwa. In ka dace, mutumin ba zai san abin da ka yi ba. Zai dai ji kamar shi ne yake faɗin abin da ke cikinsa, kai kana riƙe masa ƙwarya kawai.

Aikin farko da Nomau ya bar mini, na wani manomi ne da fari ya cinye masa gona, zai tafi ci-rani kudu, ya tara abokansa su yi sallama a gindin wata tsamiya. Irin kiɗanmu ke nan. Ba na rawa ba ne, 'yan mata ba sa bin mu. Na masu tafiya ne, da waɗanda shekara ta ba su baya, da wanda ya yi rashi ya gaji da jin gaisuwa. Na zauna na saurari mutumin har aka sha fura, na ɗaure uwa. Da na fara, bai dube ni ba, ƙasa yake kallo yana gyaɗa kai. A hanyar komawa gida na yi ta jiran Nomau ya ce wani abu. Sai da muka kai ƙofa ya ce, "Gobe ka tsefe izga." Yabon da na samu ke nan a wurinsa, kuma na gode masa har yau, Allah ya haskaka kabarinsa.

Ban zo Riyad don kiɗa ba. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, iƙamata, wato takardar zamana, direba ta ce, har gobe direba take cewa. Wani dattijo ne kafilina, wato wanda nake zaune a ƙasar da sunansa, ina kai jikokinsa makaranta, in kai iyalinsa kasuwa. Gurmin na naɗe shi da zane na cusa tsakanin kuka da daddawa na shigo da shi. A wancan zamani ba a kiɗa a fili a garin nan, ku ba ku ga wannan ba. Abin da ya cece ni shi ne kiɗanmu ba ya tsallake katanga. Muna da ɗaki a unguwar Jaradiya, ni da wasu 'yan ƙasarmu, da wani tsohon mukayyif, injin sanyaya ɗaki, mai ruri kamar injin niƙa. Ranar Juma'a bayan la'asar sai a rufe ƙofa, a kunna shi, in ɗauko gurmi. Masu aikin gini, da direbobi, da masu shara su zauna a kan tabarma da shayi. Da an kira magariba na rataye.

Garin nan ba ya son gurmi, wannan ku riƙe. Iskarsa a bushe take. Fatar guza ce na zo da ita a kan ƙwaryata daga gida, kuma da rani takan ɗaure har ta yi ƙara ita kaɗai. Kullum sai na shafa mata man kaɗe kaɗan, ba da yawa ba, in rufe ta da tsumma mai ɗan danshi. Kada ku taɓa barinsa a bayan mota. Izgar doki kuwa tun shekarar farko ta kakkarye, na koma igiyar fatsa ta roba da nake saya wurin masu kayan kamun kifi. Mai shagon ya yi shekaru yana tambayata wane teku nake zuwa a tsakiyar sahara. Jakin da ke ɗauke da tsirkiyoyin, ɗan guntun itacen nan, na marke ne, Nomau ya sassaƙa shi da wuƙarsa, shi kaɗai ne ban taɓa canzawa ba.

Wata rana kafilina ya ba ni jallabiyoyi in kai unguwar Dira a rage musu tsawo. A wani lungu bayan masu sayar da yadi, ba nisa da tsohuwar ganuwar Masmak, na sami wani ɗan shago, da ƙyar yake ɗaukar mutum uku. Tela yana ciki, baƙi, dogo, ya sunkuya a kan keke. Na yi sallama ya amsa, ni kuwa na tsaya da kayan a hannu. Ban taɓa jin murya irin wannan ba, kamar ana mirgina turmi a ɗaki. Sunansa Lawali, mutumin Damagaram. Ya karɓi jallabiyoyin, sai ya riƙe hannuna na dama ya juya shi, ya dubi farcen manuniyata da na bari ya yi tsawo, ya dubi kantar da ke yatsun hagu.

"Wannan hannu ba tuƙi kaɗai yake yi ba," in ji shi.

Na ce, "Tuƙi ne, Malam."

"To, Allah ya ba mu tuƙin mu ji. Ina kake tuƙa shi, kuma wace rana?"

Juma'ar da ta biyo baya shi ne farkon zuwa, da butar shayinsa da ganyen na'ana'a a aljihu. Tun daga ranar bai fasa ba, sai in ciwo ya kwantar da shi. Da yake shi ke riga kowa, kuma shi ke zama yana surutu yayin da nake shafa wa fata mai, sai ya zamana uwa a muryarsa take kwana. In wani ya roƙi a yi masa nasa, in matsa ta, in an gama in mayar. Lawali bai iya waƙa ba ko kaɗan, in ya ɗaga murya sai mu roƙe shi ya rufa mana asiri. Amshi yake yi. In na kai ƙarshen baiti sai ya ce, "Haka ne," can ƙasa, daidai inda uwa take, har ba ka rabe wanne ne mutum wanne ne tsirkiya. Na yi masa take nasa, ɗan gajere, kan tela da ke ɗinka wa kowa kayan salla shi kuwa sallarsa tana can bayan teku. In na kaɗa shi sai ya ce ƙarya nake yi masa, ya fi haka wahala, a ƙara baiti.

Da gari ya buɗe aka fara kiɗa a sarari, sai aiki ya neme ni ina da furfura. Masu aure daga cikin mutanenmu suna kama istiraha, wato gidan shaƙatawa a bayan gari, su kira ni in yi wa dattawa kiɗa kafin samari su kunna nasu injin. Akwai wani ango da ya dage sai an manna wa gurmina lasifika. Aka manna, abin ya yi wani kuka har yara suka toshe kunne. Na cire na ce duk mai son ji ya matso kusa, aka matso. Wani injiniya Bature kuma da na taɓa yi wa kiɗa a gidan abokin kafilina ya rantse wai abin da nake yi shi ne bulus, kiɗan baƙaƙen Amurka na masu kewa da wahala. Ya kunna mini nasu a waya, wani tsoho da jita ba lantarki. Na saurara har ƙarshe. Na ce a gaya masa ban san mutumin ba, amma ko shakka babu an taɓa tura shi kasuwa ya saurari mai goro.

Sai shekarar korona ta zo. Ba ni kaɗai ta taɓa ba, don haka ba zan yi muku dogon kuka ba. Aka hana taro, aure ya koma na mutum biyar. Kafilina ya ce in dawo ɗakin direba a gidansa in zauna, kada in riƙa shiga da fita. Na tafi da sauri na bar gurmi a Jaradiya, ina ganin abin na 'yan kwanaki ne. Abokan ɗakina suka watse, aka kashe mukayyif, aka kulle ƙofa, rani ya shiga ya yi abin da ya ga dama. Ranar da na samu na koma, na ɗaga tsumman ya bushe ƙamas. Fatar ta tsage daga baki zuwa baki, jaki ya faɗa cikin ƙwarya, tsirkiyoyin suna reto. Na zauna a ƙasa na daɗe. Fatar nan da hannun Nomau aka ɗaura ta.

Guza kuwa ina zan same shi a Riyad? Na haƙura na ajiye. Da Babbar Salla ta zo, bayan an yi yanka a gidan kafilina, sai tsohon ya kira ni. Yana zaune a kujera da sandarsa, ga fatar ɗan akuya a gabansa an barbaɗa mata gishiri. Ya ture ta da sanda zuwa wurina.

"Ya Idris, ɗauki. Ta ƙwaryarka ce."

Na yi kamar ban gane ba. Ya yi dariya har da tari. Ya ce tun shekarun farko yake ganina ina kaɗa sitiyari da farce in fitila ta tsayar da mu, kuma ranar Juma'a in na dawo fuskata daban take. Watannin nan kuwa fuskar ba ta canzawa, ya tambayi mai gadi ya gaya masa. Shekara da shekaru ina ɓoye wa mutumin nan abin da ya riga ya sani. Na jiƙa fatar da toka, na kankare gashin da fasasshiyar kwalba, na ja ta a kan ƙwarya tana da danshi na kafe da ƙananan ƙusoshi. Ta bushe ta yi kyau. Amma fatar akuya ba ta guza ba ce, muryarta daban, duk wani wuri da yatsana ya saba kai ɗauri ya tashi daga aiki. Ban damu ba. Na ce in an buɗe gari Lawali zai zo da shayinsa, ya yi surutu, in mayar da uwa gidanta.

Lawali bai zo ba. Tun cikin kulle in mun yi waya nake jin muryarsa ta dishe, ina tsokanarsa wai ƙurar yadi ce, ya rage haɗama. Ashe ciwo ne a maƙogwaro, mai yaɗuwa. Likitoci suka ce in ana son ransa sai an cire wurin da murya ke fitowa gaba ɗaya. Ƙanensa Mutari, mai aikin gini, shi ya kira ni ya gaya mini bayan an yi. An yi nasara, ran ya tsira, alhamdu lillahi. Da na je duba shi yana zaune, ya rame, da wani farin ƙyalle a wuya yana rufe ramin da yake numfashi ta ciki. Shi ya ɗinka abinsa da kansa, har da ɗan ado a gefe. Ya yi mini murmushi, bakinsa ya motsa, babu abin da ya fito.

Da sanyi ya shigo aka yi masa huruj, fitar da ba dawowa, don tela da ba ya iya tambayar mai kaya awo zamansa ya ƙare. Saura 'yan kwanaki su tashi na je shagon. Mutari, wanda zai raka shi gida, yana ɗaure kaya. Sai Lawali ya ɗauki allin da yake zana yadi da shi, ya rubuta kalma ɗaya da ajami a kan tebur, ya juya ya dube ni. Takena. Na ce, "In sha Allahu, kafin ka tafi." Na fito daga lungun nan na san abin da na yi alkawari ba ni da shi.

Na san abin da za ku ce, kun riga kun ɗaga waya. Ni ma na yi wannan. Saƙonnin muryarsa suna nan fal a wayata, na kwashe yini ina kunna su ina tura ɗauri. Ba su yi ba. Lawali in ya riƙe waya ihu yake yi kamar daga nan zai kira Damagaram, wannan muryar ciniki ce. Na baya-bayan kuma duk dishewa ce. Na koma ga kunnena, shi ma ya ci amanata. In na rufe ido in tuno shi, sai dishasshiyar ta rufe tsohuwar. In kai uwa nan in ce ita ce, in sha ruwa in dawo in ji ba ita ba ce. Kuma ba zan iya zuwa in kaɗa masa takensa a kan muryar wani ba. Kowa ba zai gane ba, shi zai gane, kuma abin da zai tafi da shi gida ke nan, cewa wanda ya yi shekara ashirin yana saurarensa ya manta yadda yake.

Ana gobe za su tashi, bayan azahar, na ɗauki gurmi na tafi Dira ba tare da na ɗaure ba. An riga an sayar da keke, shagon ya zama fili, sai tebur da kujera da almakashi. Na zauna a kan tebur na gaya masa gaskiya. Na ce, "Lawali, fata sabuwa ce, kuma na neme ka a kunnena ban same ka ba."

Mutari ya ce, "Haba Baba Idi, kaɗa kawai mana, mafi mushkila, ba matsala. Ai duk ɗaya ne."

Lawali ya harare shi. Sannan ya matso da kujerarsa har gwiwarmu ta haɗu. Ya kama gurmin ta ƙwarya, ya juya bayanta ya manna a ƙirjinsa, ƙasa da farin ƙyallen, ya riƙe da hannu ɗaya. Sandar tana wajena. Ya yi mini alama da haɓa in buga.

Na buga uwa. Ya rufe ido. Ya nuna ƙasa da yatsa. Na jiƙa ɗauri na sassauta, na sake bugawa. Ƙasa. Na sake. Muka yi ta yi, har na wuce inda nake tsammanin duk tsawon shekarun nan nake tsayawa. Na ce, "Lawali, mun wuce fa." Bai buɗe ido ba, yatsan yana nan yana nuna ƙasa. Na ƙara kaɗan, tsirkiyar ta yi laushi har ina tsoron za ta kwanta a kan fata. Na buga. Sai na ga hannunsa ya buɗe, ya tsaya cak a iska. Ina kallon ƙyallen wuyansa yana rawa tare da tsirkiyar.

Wannan Nomau bai koya mini ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Ni daga waje nake jin Lawali, ta iska. Shi kuwa daga ciki yake jin kansa, ta ƙashin ƙirji, kuma a can muryar ta fi zurfi. Wuƙar likita ba ta kai nan ba. Shekara ashirin ina ɗaure masa muryar da mu muke ji, ranar nan ya ba ni wadda shi yake ji.

Na karɓi gurmin, na daidaita siririyar, na fara takensa. Muryata ba ta kai can ƙasa da daɗi, na dai lallaɓa. Da na zo ƙarshen baitin farko, inda ya saba cewa haka ne, sai wurin ya zama wayam, na kusa tsayawa. Sai na ji ƙyas-ƙyas. Ya ɗauki almakashi daga kan tebur, ya buɗe ya rufe sau biyu, daidai kan lokaci. Haka muka tafi, ni baiti, shi almakashi. Masu shagunan lungun suka leƙo, wani mutumin Yaman mai sayar da turare ya tsaya a ƙofa da kofin shayi bai sha ba. Mutari ya juya mana baya yana ɗaure jakar da ya riga ya ɗaure. Na ƙara masa baitin da ya daɗe yana roƙo. Kuka na yi, ba zan ɓoye muku ba, amma hannuna bai tsaya ba.

Washegari kafilina ya ba ni mota na kai su Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid. Ba a yi wata doguwar sallama ba. Ya rungume ni, ya buga ƙirjinsa da tafin hannu sau biyu, ya nuna ni, suka shiga.

Tun ranar uwa ba ta bar wurin nan ba. Ba abu ne mai sauƙi ba, don fata tana tafiya da yanayi, sanyi ya sassauta ta, zafi ya ɗaure. Alama a jikin sanda ba ta da amfani. Abin da nake yi, kowace safiya kafin in fita da mota sai in buga ta in bi ta da hanci, yadda nake yi wa Nomau ranar kasuwa, har ta zauna a maƙogwarona. In fata ta motsa, ni nake mayar da ita. Don aikin biki kuma na sa aka kawo mini sabon gurmi daga Maraɗi, shi ne wanda nake ba ku kuna jagwalgwalawa.

Bara da na je hutu gida na hau mota har Damagaram da tsohon gurmin a cinya. Na tarar da Lawali ya yi ƙiba, yana zaune a zaure yana yi wa maƙwabta gyaran kaya da allura. Akwai jikarsa, 'yar ɗiyarsa, an haife ta bayan ya dawo, ba ta wuce shekara huɗu ba, bakinta ba ya hutawa. Ta zagaya ni ta zagaya gurmin, ta ce mene ne wannan, na ce na kakanki ne, da muna hira da shi a ciki. Ta yi dariya ta ce, "Kaka ai ba ya magana." Uwarta daga bakin ƙofa ta ce, "Da yana yi." Yarinyar ta dube ta, ba ta yarda ba.

Lawali ya ajiye allura. Ya jawo ta ya zaunar a cinyarsa, ya kama bayan ƙwarya ya manna a ƙirjinsa kamar wancan karon, ya kwantar da kunnen yarinyar a ɗaya gefen ƙirjin. Ya yi mini alama da haɓa. Na buga uwa sau ɗaya na bar ta ta yi ta tafiya har ta mutu don kanta. Yarinyar ba ta motsa ba. Can ta ɗago ta dubi fuskarsa ta ce, "Kaka, ashe muryarka babba ce. Sake."

Na sake. Na yi ta sakewa har aka kira la'asar.

Na gode wa Allah da sana'ar nan. Ba ta gina mini bene ba, tuƙi ne ya ciyar da iyalina. Amma ta ba ni Nomau, ta ba ni tsohon da ya turo mini fata da sandarsa, ta kai ni zauren nan na Damagaram. Kai da na yi wa tsawa, ka yi haƙuri, ka dawo Juma'a, wayarka ba ta yi ƙarya ba, tsirkiyar a ƙasa take. Sabon gurmin yana nan, ku ja shi sama ku ja shi ƙasa yadda kuke so, in kun tsinke igiya mai kayan kifi bai tashi ba. Na bayan ƙofa kuwa ku bar shi yadda kuka gan shi. Akwai mutum a ciki.